Takardar da Aka Toshe Taga da Ita

"Allurar rigakafin kansar bakin mahaifa? Ai ta matan aure ce," in ji nas ɗin, ko kai ba ta ɗago ba. "Ki bari ta girma."

Zuwana na uku ke nan wannan asibitin na unguwar Shango da 'yata mai shekara goma. Ranar farko mai makullin firjin allurai ya fita. Ta biyu aka ce ba a san da allurar ba.

"Sista, ciwon nan ne ya kashe yayata. Likitanta da bakinsa ya ce tun yarinya tana shekara tara ake yi."

"Ke za ki koya mini aikina?"

Na fizgi hannun 'yata za mu fita. Sai ta turje, ta nuna tagar bayan nas ɗin, inda aka manna wata babbar takarda a kife don toshe fasasshen gilashi. Rana ta hasko takardar daga waje: hoton yarinya cikin kayan makaranta tana miƙa dantse a yi mata allurar, da rubutu a juye, shekara 9 zuwa 14.

"Sista," na ce, "don Allah ki waiwaya."