Ɗalibin Kujerar Hagu

Auta ta jawo kujeru biyu tsakiyar falo, ta jera su kafaɗa da kafaɗa, ta miƙa wa mahaifinta murfin tukunya a matsayin sitiyari. Ita ta zauna a ta dama, kujerar malami. Shi kuwa Kyaftin, mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa manyan jiragen sama kafin ya yi ritaya, ya zauna a ta hagu, ya haɗa gwiwoyi kamar sabon shiga.

Haka ake koyon wannan aiki. Duk matuƙin da ke son zama malamin tuƙin jirgi, sai an ba shi ɗalibin ƙarya: gwani ya mai da kansa ɗan koyo, ya riƙa tafka kuskure da gangan, a ga ko za ka gano, ka gyara ba tare da tsawa ba. Ranar jarrabawa ma abin da mai jarrabawa zai yi mata ke nan. In ta faɗi, sai baɗi za a sake karɓarta.

Karatun iri biyu ne, na shekara guda da na gaggawa mai sati biyar. Auta na shekarar ta so. Umma ce ta ƙi, Umman da ba ta taɓa sa baki a harkar jirgi ba sai dai addu'a. Ta ce Abbanta ya daɗe da burin ganin 'yarsa a kujerar dama, abin da za a yi a yi shi yanzu. Auta ta yi dariya, ta ce to, tunda Umma ta zama shugabar makaranta.

Sati biyar ɗin ba su da tausayi. Da asuba tana sama, da hantsi tana aji, a ɗakin kwanan makaranta take kwana. Awa ɗaya tak take samu bayan la'asar, ta zo gida a guje. Kullum Umma na bakin ƙofa tana jiranta, ta ɗaga murya ta ce ga Auta ta zo, sannan ta koma gefe da carbinta ta zauna.

Kyaftin kuwa ɗalibi ne na ban mamaki. A satin farko kurakuran da ke cikin littafi yake yi: ya manta duba mai, ya ja sitiyari da ƙarfi, sannan ya kashe mata ido. Daga sati na biyu ya daina kashe idon. Sai ya tambaye ta abu ɗaya sau uku, kowane karo da fuskar wanda bai taɓa ji ba. Sai ya kai tsakiyar sauka ya saki murfin tukunyar, ya tsura wa taga ido. Ko da ta miƙe za ta tafi, Malama yake ce mata, har ya ɗan rusuna.

A makaranta Auta ta riƙa ba abokan karatunta labari, tana cewa da Abbanta wasan kwaikwayo ya shiga, da tuni ya fi haka suna.

Rana ɗaya a sati na huɗu haƙurinta ya ƙare. Ta gaji, malaminsu ya yi mata faɗa da safe, ga Kyaftin ya kasa nuna mata hannun dama.

"Haba Abba, ɗalibi ma ai yana da ƙwaƙwalwa. Ka rage wasan nan, lokacina kake ci."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yi haƙuri, zai ƙara ƙoƙari. Umma ta tashi ta shige kicin, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. A hanya Auta ta ji kunyar kanta. Ta ce a ranta darasi ya ba ta, don ta san inda haƙurinta ya tsaya. Washegari ta dawo da murya mai sanyi, ta maimaita masa sau biyar ba ta ɗaure fuska ba.

Ranar jarrabawa mai jarrabawar ya yi iya shirmensa a sama. Ya karkatar da jirgi, ya yi kamar ya ruɗe, ya tambayi abin da ta gama faɗa masa. Ko gezau ba ta yi ba. Da suka sauka ya sa hannu a takardarta, ya ce bai taɓa ganin ɗan karatun gaggawa mai irin wannan haƙuri ba, duk wanda ya horar da ita ya san aikinsa.

Ba ta ko cire kayan aiki ba ta kama hanyar gida. Ta tarar da shi a falo, ya jera kujerun da kansa, murfin tukunya na kan cinyarsa. Ta durƙusa ta ɗora masa takardar a hannu.

"Abba, wasa ya ƙare. Na ci."

Ya juya takardar, ya shafa hatimin da yatsa, ya yi mata murna cikin ladabi. Sannan ya tambaya ko yau ba za a yi darasi ba. Auta ta fashe da dariya, ta waiwaya don Umma ta taya ta. Umma ba ta yi dariya ba. Carbin ya tsaya cak a hannunta, hawaye na bin kumatunta.

Kyaftin ya karkata wajen matarsa, ya rage murya don kada baƙuwa ta ji.

"Malamar nan akwai kirki, Allah ya yi mata albarka. 'Yar gidan wa ce?"

Umma ta share fuska da bakin mayafinta, ta ba shi amsar da take ba shi kowace yamma tun sati na biyu, da zarar Auta ta ɗauki jaka ta fita.

"'Yarka ce, Kyaftin. Autarka."