Kukan Munira

Wata biyu da kwana tara ke nan Munira tana kuka.

Gogo Hamsatu ta goya ta, tana zagaya tsakar gida tana bubbuga ta, har ƙafafunta sun kumbura. Shekara talatin tana aikin ungozoma a Gashuwa. Rabin samarin unguwar a hannunta suka faɗo duniya, kuma kowa ya san jaririn da ya gagari uwarsa, in an miƙa wa Gogo, kafin a gama gaisawa ya yi barci. Sai ga wannan ta gagare ta, a gidan 'yarta Rahama.

Babu abin da ba a gwada ba. An gasa mata ciki, an ba ta rubutu, an yi hayaƙi. Alamin, mijin Rahama, ya rufe shagon atamfarsa ya kai su Nguru wajen likita. Aka duba ta sama da ƙasa, aka ce lafiyarta lau.

"Gogo, yarinyar nan ba ta so na," in ji Rahama, idanunta sun faɗa. "In na ba ta nono sai ta ɗan tsotsa ta kau da kai."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan a bakinki."

Uku Rahama ta haifa kafin wannan, babu wanda ya zo da rai.

An haifi Munira da daminar casa'in da tara, ranar da kogi ya tumbatsa ya yanke hanya. A ranar wata Aisa, matar wani masunci daga Dagona, ta kawo bandar kifi kasuwa, naƙuda ta kama ta. Aka ɗauko ta zuwa ɗakin Gogo, inda Rahama ke durƙushe tun safe. Mata biyu a tabarma biyu, Gogo kaɗai a kansu. Wajen azahar dukansu suka haifi 'ya mace, dukansu suka zubar da jini har suka suma. Da suka farfaɗo, Rahama ta ji kuka a gefenta. Aisa ba ta ji komai ba.

Gogo da kanta ta wanke gawar jaririyar, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Ta yi kuka ranar har maƙwabta suka riƙa cewa ba su taɓa ganin mai tausayin baƙo kamarta ba.

Bayan arba'in Aisa ta koma kawo kifi. Duk ranar kasuwa sai ta biyo ta ƙofar gidan, ko da ba a kira ta ba, ta tsaya a zaure ta ce, "Ga banda." Da ta faɗa, Munira za ta yi tsit. Ta juya kai wajen ƙofa, idanu buɗe, ba ta ko ƙiftawa. Sai takun matar ya yi nisa kukan ke dawowa, ya fi na da.

Da aka yi haka sau uku, magana ta bazu. Matan unguwa suka ce Aisa mayya ce, tata ta mutu ta zo ta kama kurwar ta wasu. Alamin ya rantse in ya sake ganinta sai ya tara mata jama'a. Aka tambayi Gogo, ta ce ita tuwo take tuƙawa.

Kasuwa ta zagayo, Gogo ta riga kowa fita. Ta tarar da Aisa jingine da bangon zaure, gaban rigarta sharkaf da nonon da ya ƙi ƙafewa.

"Baiwar Allah, kada ki ƙara zuwa gidan nan."

"To, Gogo." Ta ɗora kwandonta a ka. "Ni ma ban san abin da ke kawo ni ba."

Daga ranar Munira ta daina tsotsa gaba ɗaya. Madarar gwangwani ma in an ɗura mata sai ta dawo da ita. Maɗigarta ta loɓa. Kukan ya sirance, ya koma kamar na ɗan kyanwa, amma Gogo tana jinsa ko'ina: a bakin murhu, a banɗaki, cikin sujada. Sau biyu ta manta raka'ar da take.

Rana ta uku da hantsi, barcin gajiya ya kwashe Rahama. Gogo ta tsaya a kanta tana kallonta, ta gyara mata zane a ƙafa. Sannan ta goya Munira, ta yafa mayafi, ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Mota ta sauke ta inda ruwa ya ci hanya, kwale-kwale ya ƙarasa da ita Dagona.

Ta sami Aisa a bayan ɗaki tana juya kifi a kan wuta. Gogo ba ta yi sallama ba. Ta sauke goyon ta miƙa.

Yarinyar ta kama nono da hannu biyu. Babu abin da ake ji sai haɗiya. Can ta saki, ta yi gyatsa, ta yi barci da baki a buɗe.

Hawaye na zuba a fuskar Aisa. "Gogo, wallahi ni ba mayya ba ce. Ki bar ni in shayar miki da jikarki ko kwana biyu ne. In ta yi ƙarfi, da ƙafata zan mayar da ita."

Gogo ta zauna a ƙasa.

"Jikata tana maƙabartar Gashuwa, Aisa, mijinki ne ya kai ta," ta ce. "Wannan taki ce. Ni na musanya su kafin ku farfaɗo."