Kurakuran Badiyya

Jajayen layuka suka zubo a allon kwamfuta, suna tserewa sama kafin Badiyya ta kama ko ɗaya. Karo na shida ke nan tun safe. Ta rubuta shirin, ta miƙa wa kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren na'ura, ita kuma ta dawo mata da ƙorafi fiye da ɗari.

Watanta uku a wannan ɗan kamfani da ke saman wani bene a Agege, kusa da layin dogo. Aikinsu shi ne manhajar da ke nuna wa 'yan kasuwar Mile 12 inda motocin tumatirinsu suka iso a hanyar Arewa. Ranar Juma'a mai kamfanin, Alhaji Idrissa, zai yanke ko a tabbatar da ita ko ta koma gida.

Ta roƙi Oga Shitu, shugaban sashensu, ya zo ya duba mata. Bai motsa daga kujerarsa ba. Ya ce shi ba ya leƙa allon kowa, ta zuba kurakuran a fayil ta turo masa ta waya.

Ta rubuta umarnin, ta ƙara alamar kibiya da sunan fayil, ta tura. Ya cusa abin sauraro a kunne.

"Fayil ɗin nan bai ce komai ba," in ji shi.

Ya yi mata bayani a gajarce cewa kurakurai ba sa bin ƙofar da sauran saƙo ke bi, tasu ƙofar ita ce ta biyu. Ta sa lamba biyu kafin kibiyar:

gcc motoci.c 2> kurakurai.txt

Allon ya yi tsit, fayil ɗin ya cika, ta sake tura masa. Bayan minti goma ya faɗa mata, fuskarsa na kallon bango, cewa ta manta rufe baka a layi na tamanin da huɗu, duk sauran ƙorafin 'ya'yan wannan ne. Ta gyara, shirin ya tashi.

Haka suke tun ranar da ta fara aiki, kuma abin ya daɗe yana cin ta. An ce da can mutumin nan har kujera yake jawowa ya zauna kusa da sabon ma'aikaci. Ita ko sau ɗaya bai taɓa ba. Idan ta gaishe shi sai ya amsa wa iska. Ranar da ta kawo masa zane na sabon shafin manhajar, wanda ta ɓata sati tana yi, ya riƙe takardar ɗan lokaci ya ajiye, ya ce ta faɗa masa da baki. Kullum matarsa Turai ce ke kawo shi a mota ta rako shi har teburinsa, su yi ta ƙus-ƙus, su yi shiru in Badiyya ta shigo.

Ranar Laraba abin ya kai mata wuya. Ya ce daga yau ta riƙa ninka kibiyar, don sababbin kurakurai su hau kan tsofaffi maimakon su goge su, yana son ya bi su tun daga farko. Da la'asar kuma ta ji shi a ofishin Alhaji yana ambaton sunanta, yana cewa lokaci ya yi da za a yi magana a kan kujera.

A danfo, bas ɗin haya, a cunkoson Oshodi, ta haɗa lissafin abin a ranta. Mutum ba ya duban fuskarta, ba ya duban aikinta, amma yana tara kowane tuntuɓenta a wayarsa. Da hannunta ta rubuta masa hujjar korarta. Ta tuna mahaifiyarta da ta gama shelanta wa unguwa cewa Badiyya ta zama injiniya. Gara ta fita da ƙafarta.

Alhamis da safe ta riga sauran ma'aikata zuwa, takardar ajiye aiki a hannunta. Janareto na ruri a ƙasan bene. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka saba, ta taka kafet har gaban teburinsa. Yana waya. Ta miƙa takardar daidai fuskarsa, ta tsaya tana jira.

Idanunsa na kanta sosai, ko ƙiftawa ba su yi ba.

"A'a, Turai, yi maganarki, ni kaɗai ne a ofis," ya ce. "Na gaya wa Alhaji Badiyya za a ba kujerata. Wayar nan ta karanta mini aikinta kaf, yarinyar ta fi ni lokacin da nake shekarunta. Ke dai ki taya ni faɗa mata gobe, don ban san ta inda zan fara cewa wata huɗu ke nan rabona da ganin komai ba."