Safar Hannun Almu

Cindo yana laɓe bayan rumfar baduku lokacin da budurwarsa Kyauta ta tsoma safar hannu ta fata cikin ruwa, ta sa wa wani saurayi mai suna Almu.

"Kama igiyar nan," in ji ta. "Tana suɓucewa?"

"Ko kaɗan," in ji Almu, yana dariya.

Zuciyar Cindo ta tafasa. Da suka bar safar a ƙara mata ɗinki, ya lallaɓa ya shafe tafinta da man shanu.

Washegari ana yayyafi, aka ɗaura wa Cindo igiya, zai shiga ya yashe wata tsohuwar rijiya da Faransawa suka bari. Ya kai rabi sai ya ji muryar Kyauta daga sama.

"Kada ka ji tsoro, Cindo! Almu ne ke riƙe da kai. Saboda kai na sayo masa safar hannun!"