Mutumin da ke Bayan Lamba Uku

Baba Sito ya hau matakalar ofis yana huci, taki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, hannunsa riƙe da ƙarfen gefe. Duk kamfanin kwalin nan da abu biyu aka san shi. Na farko farar rigarsa, wadda yake wankewa kullum lokacin hutun rana, kuma kafin a koma aiki ya mayar da ita a bushe ƙayau. Na biyu bakinsa, wanda ba ya shakkar kowa. Yau bakin ne a gaba.

An dakatar da Autansa daga aiki. Auta ne ke kula da babban injin da ake kira Lamba Uku, injin kuwa ya ƙone shekaranjiya da yamma, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin aiki har sai da aka buɗe ƙofofi duka. Manaja ya ce sakaci ne, ba a sa wa injin giris yadda ya kamata ba. Ga matar Auta cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Baba Sito kuwa ya san wanda zai ɗora wa laifi. Wata injiniya ce da aka ɗauka bara, mai yawo da kyamarar zafi tana auna wayoyi da injuna. Ita wannan kyamara ba ta ganin fuska, ba ta ganin launin tufafi. Zafi kawai take gani. Abu mai ɗumi ya fito rawaya kamar garwashi, mai sanyi ya fito baƙi. Da Lamba Uku ya soma ɗaukar zafi ba gaira ba dalili, sai ta kafa kyamarar a kusurwar ɗakin, ta bar ta tana ɗaukar hoto da kanta daga safe zuwa tashi.

Tun ranar Baba Sito ya tsani abin. Shi da ya shigo kamfanin nan tun yana saurayi, ya ɗauki kaya a ka, ya zubar da jininsa a kan simintin nan har ya rasa ƙafarsa ta hagu kafin a mayar da shi sito, yau wata 'yar kwalba mai ido ɗaya ce za ta raba ɗansa da abincinsa?

Ya banke ƙofa ko sallama babu. Injiniya na tsaye gaban teburin Manaja, kwamfuta a buɗe, tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta gan shi sai ta yi sauri ta rufe kwamfutar.

"To, an gama ƙullawa?" in ji shi. "Ke 'yar nan, ɗana kika ga ya fi sauƙin taunawa?"

"Baba, ka zauna. Maganar Auta nake yi. Ba laifinsa ba ne, giris ɗinsa lafiya lau."

"Au! Ashe kin sani! To na wane ne?"

Ta dubi Manaja, Manaja ya dubi silin. Ta ce a bayan injin akwai wata raga inda fanka ke zuƙo iska don ya huce. Hotunan sun nuna ana toshe ragar nan kullum, injin ya yi ta dahuwa a hankali, har ranar da ya gaza.

Ran Baba Sito ya ƙara ɓaci. Wato akwai mugun da ya yi wannan aika-aika, yana nan yana shan shayinsa, an bar Auta a gida yana kallon bango. Ma'aikata sun ji hayaniya sun taru a bakin ƙofa, masu leƙe na leƙe.

"Baba, don Allah a rufe ƙofa mu yi magana mu uku," in ji Injiniya.

"Wallahi ba za a rufe ba! Da aka kori ɗana ƙofa aka rufe? Ɗan uwan wa kike karewa? Buɗe kowa ya gani!" Ya buga tebur har kofin Manaja ya yi tsalle. "Kai kuma Manaja, ka yi mini alkawari gaban mutanen nan. Ko wane ne, yau zai bar kamfanin nan. Ko ubana ne ya dawo duniya!"

Manaja ya daɗe yana murza goshi. Ya ce, "Baba Sito, kai ka nema."

Injiniya ta buɗe kwamfutar, ta juyo da ita.

Hoton na tsakar rana ne, ɗakin aiki babu kowa, duk an fita hutu. Lamba Uku na tsakiya yana ƙyalli ja da rawaya. A bayansa ga wani mutum, ba fuska, ba kamanni, ɗumin jiki kawai. Ya ɗaga hannu biyu yana shimfiɗa wani abu baƙi a kan ragar, abu mai sanyi, mai hannaye biyu, irin wanda aka matse daga ruwa yanzu-yanzu.

Masu leƙe suka matso kusa. Wani daga baya ya ja numfashi.

Baba Sito ya buɗe baki zai ce ai wannan ba shi da fuska, sai idonsa ya gangara ƙasan hoton. Ƙafar dama ta mutumin tana haske har tafin sawu. Ta hagu kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa baƙa ce ƙirin, domin roba ba ta da ɗumi, kuma duk kamfanin mutum ɗaya ne ke tafiya da ƙafar roba.