Kujerar Sabi'u ta Italiya

Sabi'u ya faɗa kan sabuwar kujerarsa ta fata, ya tashi, ya sake faɗawa yana dariya. Watansa biyu a Italiya, sai yau ɗakinsa ya yi kama da na mutum. Nan take ya kira gida Panshekara ta bidiyo, don surukinsa Malam Ya'u ya rantse 'yarsa Aina'u ba za ta bi miji zaman tabarma a ƙasar wasu ba.

"Baba, ku duba. Fatar Turawa ce zalla, ba irin tamu ta Challawa ba."

Tsohon, wanda ya shekara talatin yana tantance fatu a majemar Challawa, ya gyara tabarau. "Zuge zif ɗin matashin in gani."

Sabi'u ya zuge. A gefen fatar, daga ciki, ga ƙananan huji uku a jere.

"Wannan alamata ce," in ji Malam Ya'u. "Huji ɗaya mai kyau, biyu dama-dama. Uku kuwa, cewa na yi a zubar."

Tsohon ya waiwaya ya ƙwala wa 'yarsa kira.

"Aina'u, haɗa kayanki. Ƙasar da ake layin sayen abin da na yar, ai 'yata sarauta za ta yi."