Tunkiyar da Ta Gagari Inna

"Inna, kora ta hagu! Hagu na ce!"

Raƙiya ta ja yatsa a kan wayar, tumakin wasan suka bi juna cikin shinge. Saura guda. Ɗiyarta Sa'adiyya har ta miƙe tsaye.

Sai Raƙiya ta ɗage yatsa. Tunkiyar ta ɓalle, lokaci ya ƙare.

"Haba Inna! Ke da kinka yi kiwo a Kalfu, tunkiyar waya ta gagare ki? Kullum nan kike faɗuwa!"

"Tsufa ne, ɗiyata," in ji Raƙiya tana dariya.

Sunan gwanin wasan ya fito: Talle, mijinta marigayi, mai wayar. Da tunkiyar nan ta shiga, da wasan ya goge sunansa ya sa nata.